Takarda guda ta riƙe mana jika 150 har wata uku

Ƴan uwa mata, na nemi izinin mai labarin nan kafin in rubuta. Ta ce in faɗa, amma kada in kama suna.

Bara da kaka, wata ƴar ƙungiyarmu ta fara ganin jini idan ta zagaya. Ta ɗauka basir ne, kamar yadda kowaccenmu za ta ɗauka. Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, abu bai tsaya ba. Sai da ta kai ga jiri sannan maigidanta ya kai ta asibiti. Likita ya ce sai an yi mata koloskofi, wato a zura siririn bututu mai kamara ta dubura a duba babban hanji. Da aka duba, aka tarar da tsiro guda biyu, likitoci na ce musu polip. Nan take aka zarge su da ɗan zaren ƙarfe aka cire, ba a tsaga mata ciki ba. Da yamma ta koma masauki da ƙafafunta.

Bari in ɗan tsaya a nan, don da yawanmu ba mu taɓa jin sunan abin ba. Yawancin irin wannan tsiro ba kansa ba ne. Amma akwai wani iri wanda idan aka bar shi, sannu a hankali, cikin shekaru, yana iya rikiɗewa ya zama kansar hanji. Shi ya sa likita ba ya jefar da abin da ya cire. Ana sa shi a kwalba a kai ɗakin gwaji, su duba da madubin likita. Sakamakon nan ana ce masa anapat. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa.

Mijinta yana aiki a wani kamfani da ya yanka wa ma'aikata inshora, asirans kamar yadda muke cewa. Tsarinsu shi ne ka biya da aljihunka, daga baya a mayar maka da wani kaso. Kyautar magani da gwamnati ta kawo tun 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da fiɗar haihuwa da awon ciki, ba ta kai ga irin wannan aiki ba. Don haka ta zo ranar zubi ta nemi bashin jika 150, da alƙawarin za ta mayar da zarar asirans ta biya. Muka ba ta, babu wadda ta yi musu. Ni ce ma na ce ai wata guda ya isa.

Wata guda ya wuce, aka dawo musu da takardunsu. Wai rasit kaɗai ba ya isa. Rasit yana nuna an biya kuɗi, bai nuna aikin da aka yi ba. Suna son rahoton likitan da ya yi aikin, da sa hannunsa da hatiminsa, da kuma faktir da ta rarrabe komai: kuɗin dubawa daban, kuɗin cire tsiro daban, kuɗin allurar barci daban. Tata faktir ɗin kalma guda ce a kai, koloskofi. Ga mai biyan asirans, dubawa da cirewa ba abu ɗaya ba ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Muka sake biyan mota aka koma asibiti aka gyara.

Karo na biyu suka ce ina anapat? Nan ne asiri ya tonu. Ashe ba ta taɓa komawa karɓar sakamakon ba. Na same ta a ɗaki na ce, "Yaya, me ya hana ki?" Ta yi shiru, can ta ce, "Shugaba, tsoro nake ji. In sun ce kansa ce fa? Ga kunyar inda aka bi aka duba." Ban yi mata faɗa ba, don ni ma ban san yadda zan yi ba da ni ce. Washegari na ɗaura zanena muka tafi tare.

Alhamdulillahi ba kansa ba ce. Amma ɗaya daga cikin biyun irin mai rikiɗewar nan ne, kuma likita ya rubuta mata ta dawo a sake dubawa bayan shekara 3. Da masu asirans ba su matsa ba, da takardar nan tana can cikin durowa, ita kuma tana gida tana ganin an gama. Na ji haushinsu ƙwarai a lokacin, amma a kan wannan takarda dai ba zan ce sun yi laifi ba.

Inda na ga laifinsu shi ne rashin faɗa wa mutane komai tun farko. Sai a tafiya ta uku wani ma'aikacin biro ya gaya mana cewa da an nemi takardar amincewarsu kafin ranar aiki, da wataƙila ba sai an ci bashi gaba ɗaya ba. Shi ne kuma ya ce mu lura da wa'adi, don kowace yarjejeniya tana da iyakar kwanakin da za a kai takardu, in sun wuce shi ke nan. Ya tambaya ko sunanta na cikin jerin iyalin da mijin ya rubuta. Allah ya sa yana ciki, da takardar aure ta ofishin magajin gari. Ku da ke da abokiyar zama, ku duba wannan tun kuna lafiya. Kasancewarki matar gida bai nuna an rubuta ki ba.

Kuɗi sun fito a wata na uku, saura mako biyu mu fasa asusu. Ba duka aka mayar ba. An cire kasonta, an kuma ƙi biyan maganin wankin ciki da ta sha daren jajibirin aiki, saboda ta jefar da ordonas ɗin, rasit na farmasi kaɗai ya rage. Cikon sai da ta sayar da tunkiya.

Tun daga nan muka ƙara doka guda a ƙungiyarmu. Duk wadda ta karɓi bashin asibiti da niyyar asirans ko mutuwel za ta biya, sakatariya na ba ta ambulan, ta kuma haɗa ta da mace ɗaya mai karatu da za ta raka ta. Kowace takarda ana yi mata fotokofi kafin ta bar hannu, ta ainihi a kai biro, kwafin ya zauna a akwatinmu. Ranar komawarta asibiti kuwa na rubuta ta a bangon ƙarshe na littafin zubi, da jan biro, don ko ba ni ce shugaba ba a lokacin, wadda ta gaje ni ta gani.