Gonar Aro: Sauyin Dokokin Dandalin Bidiyo da Masu Watsa Wasanni

Duk wanda ya zauna a wurin masu cajin waya a Tambuwal ko a Kebbe da yamma ba zai rasa ganin samari sun duƙufa kan wayoyinsu ba. Wasu wasan ƙwallo na eFootball suke bugawa, wasu na harbe-harbe irin su PUBG Mobile da Free Fire. Wasu kuwa ba wasan suke yi ba, kallon wani suke yi yana buga nasa kai tsaye daga wata ƙasa, yana surutu, jama'a suna aiko masa da saƙo. Ba a daɗewa sai ka ji wani ya ce ai wancan mutumin da wannan sana'a yake ci da sha, shi ma zai fara. Maganarsa gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya rabin, wato wane ne mai filin da ake wannan sana'a a kansa, da kuma abin da ke faruwa idan ya sauya doka.

Yadda watsawar take aiki

Sa'ad da mutum yake watsa wasa kai tsaye, na'urarsa tana ɗaukar hoton abin da ke fuskarta sau 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta matse hotunan don su rage nauyi, ta tura su ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ke da dandalin. Su ne ke kwafar bidiyon su rarraba wa kowane mai kallo. Bari mu yi ɗan lissafi. Bidiyo mai matsakaicin kyau yana bukatar kamar megabit 3 a daƙiƙa. Tun da bit 8 ne ke yin bait ɗaya, kuma daƙiƙa 3,600 ke cikin awa, sai mu ce 3 sau 3,600, a raba da 8. Amsar ita ce megabait 1,350, wato fiye da gigabait ɗaya a awa. Wannan na mai watsawa ne kaɗai. Idan mutum 1,000 ke kallo, kamfanin zai aika wannan nauyi sau 1,000, kuma shi ke biyan kuɗin. Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa kamfanonin ba sa barin dokokinsu su daɗe a wuri ɗaya: kullum suna auna abin da suke kashewa da abin da ke shigowa.

Kuɗin shigar kuwa daga talla yake zuwa, da kuɗin wata-wata da masu kallo ke biya don goyon bayan wanda suke so, da kyaututtuka. Kamfanin ya ɗauki kasonsa, ya ba mai watsawa nasa. Manomin da ya taɓa noman gonar aro a fadamar ƙasar Kebbe ya san wannan tsari sarai. Shi ke sharar gona da shuka da ban ruwa, amma mai gona ne ke faɗin yadda za a raba, kuma yana iya cewa baɗi yana son abarsa.

Abin da ya faru a Twitch

Dandalin da ya fi shahara da watsa wasanni shi ne Twitch, wanda kamfanin Amazon ya saya a 2014 kan dala miliyan 970. Tsarinsa na gama-gari shi ne a raba kuɗin wata-wata biyu, rabi nasa, rabi na mai watsawa, amma wasu manya suna da yarjejeniyar karɓar kashi 70 cikin 100. A Satumban 2022 kamfanin ya sanar cewa kashi 70 ɗin zai tsaya kan dala 100,000 na farko a shekara, abin da ya haura a koma rabi da rabi. Aka yi ta ƙorafi, wasu suka ƙaura zuwa wasu dandaloli, har a Janairun 2024 aka cire wannan iyaka. Kafin nan, a 2020, kamfanonin waƙa sun kai ƙarar amfani da waƙoƙinsu ba izini, lamarin da ya sa masu watsawa da yawa suka goge bidiyoyin da suka shekara da shekaru suna tarawa.

Mafi muni shi ne abin da ya sami Koriya ta Kudu. A Fabrairun 2024 Twitch ya rufe harkarsa a ƙasar, yana mai cewa kuɗin da kamfanonin sadarwa ke karɓa a can ya ninka na yawancin ƙasashe sau 10. Babu laifin da masu watsawa na Koriya suka yi. Haka ma kamfanin Microsoft ya rufe nasa dandalin mai suna Mixer a Yulin 2020, ko shekara bai cika ba da kashe maƙudan kuɗi wajen jawo fitattun 'yan wasa.

Wanda ya fi shafarmu

A ƙasar Hausa Twitch bai yi ƙarfi ba. YouTube da TikTok da Facebook ne aka fi sani, kuma a YouTube ne sana'ar ta zauna da gindinta, musamman tun da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So suka fara fitowa a can a 2020. Dokar da ke kan mai shirya fim ita ce ke kan mai watsa wasa.

A da, kusan kowa na iya samun kason talla. A 2017 YouTube ya ce sai an kalli tashar mutum sau 10,000. A farkon 2018 ya ƙara tsanantawa: sai mutum ya tara mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinsa na tsawon awa 4,000 a cikin wata 12. Malamin lissafi zai iya ba ɗalibansa wannan a aji. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo ya tsaya minti 10, ana bukatar kallo 24,000. To amma mai kallon da ke tattalin datarsa ba kasafai yake kai minti 10 ba. Idan minti 3 yake yi, adadin ya koma 80,000. Ke nan doka ɗaya ce ga ɗan Landan da ɗan Kebbe, amma nauyinta ba ɗaya ba ne.

Wanda ya tsallake wannan shinge yana karɓar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka sa a dogayen bidiyoyinsa. Sai dai farashin talla ya danganta ga inda mai kallo yake, domin masu talla sun fi biya don isa ga mai saye a Amurka ko Ingila. Saboda haka kallo 1,000 daga Sakkwato bai kai kallo 1,000 daga can kawo kuɗi ba. Idan kuma aka dace da masu kallo daga Amurka, akwai wani abin. Tun 2021 Google ke cire harajin Amurka daga kuɗin da aka samu ta hanyar masu kallon ƙasar, kuma da yake Nijeriya ba ta da yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka, abin da ake cirewa yana kai kashi 30 cikin 100.

Akwai kuma batun yara. A 2019 hukumomin Amurka sun ci Google tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan ƙananan yara a YouTube. Daga Janairun 2020 duk bidiyon da aka yi domin yara ya rasa sashen sharhi da tallan da ke bin ɗabi'ar mai kallo, wanda shi ne mai tsoka. A ganina wannan gyara ne da ya dace, ko da yake ya rage wa mutane da yawa samu. Ba kowane sauyin doka ne zalunci ba.

Dokar da ba ta kamfani ba

Mai watsawa a nan yana ƙarƙashin wasu masu ikon ban da dandalin. A Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, bayan an yi hakan a Zamfara. Dalilin tsaro ne, amma na'urar da ke zaɓar bidiyon da za a nuna wa mutane ba ta san uzuri ba. Tashar da ta yi shiru na makonni takan dawo ta tarar masu kallonta sun watse. Sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, wanda ya taɓa mai watsawa da mai kallonsa a lokaci guda.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun koyi wasu dabaru. Suna ajiye kwafin bidiyoyinsu a nasu ma'ajin, suna guje wa sa waƙar da ba tasu ba, suna buɗe tasha a dandali fiye da ɗaya, kuma suna neman talla kai tsaye daga 'yan kasuwar garinsu, wanda babu kamfanin waje da zai yanki kaso a ciki. Ɗalibin da ke sha'awar harkar zai yi kyau ya fara da karanta shafin sharuɗɗan nan da kowa ke danna amincewa da shi ba tare da ya duba ba. A ciki zai tarar da sakin layin da ke ba kamfanin ikon sauya yarjejeniyar, da wanda ke ba shi ikon rufe tasha.