Karatun Share Fage: Asarar Shekara ko Riba?

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, iyaye daga Dutsin-Ma da Kurfi sukan zo mana da tambaya guda: yaro bai sami shiga jami'a ba, shin ya zauna gida ya jira baɗi, ko ya tafi karatun share fage? Mun ga ya kyautu mu yi bayani a nan domin ɗalibanmu masu fita bana.

Da farko, a sani cewa share fage iri biyu ne. Na ɗaya shi ne na gyara, wanda ake kira rimidiyal. Ana maimaita wa ɗalibi darussan sakandare na kusan shekara guda don tushensa ya yi ƙarfi. Amma fa sai ya rubuta jarrabawar JAMB, kuma aji ɗaya zai shiga. Haka nan ba ya ɗauke masa sharaɗin kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci.

Na biyu shi ne IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi. Ɗalibi yakan zaɓi darussa uku ya zurfafa a cikinsu. Idan ya ci da kyau, sai ya nemi shiga kai tsaye ta hannun JAMB, ya fara daga aji biyu. Ke nan zai tarar da sa'o'insa da suka riga shi shiga. Makarantar share fage ta wannan jami'a da ke Funtuwa sananniya ce a jiharmu.

To, wanne ya dace da kai? Tambayi kanka abu uku. Me ya kayar da kai? In Lissafi ne babu, gyara shi tukuna, domin ba a ɗora jinka a kan rusasshen bango. In kuwa takardunka sun cika, maki ne bai kai ba, IJMB ya fi maka.

Sai kuɗi. Akwai na makaranta, na ɗaki da na abinci, ga shi ba a yi maka alkawarin gurbi ba. Mun san iyayen da suka sayar da akuya ko buhunan gero saboda wannan shekara ɗaya. Mu tuna da koyarwar Yesu Almasihu game da mai gini, wanda yakan zauna ya lissafta abin da zai kashe kafin ya sa harsashi.

Na uku, bincika ko an amince da makarantar, kuma ko sashen da kake so yana karɓar takardarta. Kada ka biya kuɗi a kan jita-jita.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, digiri ya zo mana ƙofar gida. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda takardarta ta NCE ita ma takan kai mutum jami'a.

Abin da muke gudu shi ne zaman banza, yaro ya shekara a bakin tasha har karatu ya fice masa a rai. Hausawa sun ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ku shawarci iyayenku da malamanku, ku kuma sa abin cikin addu'a. Allah ya ba da sa'a, amin.