Kaya Sun Fashe a Hanya: Asarar Wa Ce?

Duk wanda ya tsaya a tashar Television da ke Kaduna da safe zai lura cewa kaya da yawa da ake lodawa ba na fasinjojin da ke cikin motar ba ne. Kwalaye ne da buhuna da ledoji, an naɗe su da salatif, an rubuta suna da lambar waya a jiki, ana cusa su a but ko ƙarƙashin kujera. Wasu za su Kachiya, wasu Zonkwa ko Kafanchan, wasu Abuja. Mai kaya ya biya kuɗin saƙo, ya karɓi lambar direba da ta mota, ya tura wa mai jiran kaya, ya kama gabansa. A mafi yawan lokuta babu takarda, kuma babu wanda ya buɗe kwalin ya ga abin da ke ciki. Haka abin yake a Sabon Tasha da Command Junction da sauran wuraren da motoci ke lodi a wannan ɓangare na gari.

Kudancin birnin Kaduna ya tashi ne a kan albashi. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Da masaƙun suka durƙushe daga farkon shekarun 2000, gidaje da yawa a Kakuri da Makera da Nassarawa suka koma saye da sayarwa. Sai wayar hannu ta zo ta ɗauke kasuwa daga rumfa ta kai ta cikin ɗaki. Yau matar aure a Barnawa ko Narayi tana ɗora hoton kaya a WhatsApp, wadda ba ta taɓa gani ba ta turo kuɗi daga wani gari, direba ya zama shi ne igiyar da ta haɗa su. Cinikin ya ci gaba, amma ladubbansa ba su biyo shi ba tukuna.

A ɗauka mai sayar da kayan kicin a Kakuri ta sayar da setin farantan tangaran ga wata uwa a Kafanchan da ke haɗa kayan ɗakin 'yarta. Kwali ya isa da yamma, yaro ya karɓo a tasha, aka buɗe a gida aka tarar rabin farantan sun farfashe. Uwar amarya ta kira: "Hajiya, ai ni ba fasassun kaya na saya ba." Mai sayarwa ta ce: "Wallahi Mama lafiya lau na ba direba." Direba kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ni dai yadda aka ba ni na kai, ban san me ke ciki ba." Mai yiwuwa kowannensu gaskiya yake faɗa. Abin da ba su taɓa tattaunawa ba shi ne wanda ke ɗauke da lamunin kayan a sa'o'in da suke kan hanya, kuma a kan wannan tambayar ce kowace shari'a take fara bincikenta.

Dokar cinikin kaya da kotunan boko ke aiki da ita ta samo asali daga dokar Ingila ta 1893, kuma dokar jihar Kaduna a kan ta aka gina ta. Ƙa'idarta ita ce asara tana bin mallaka: da zarar kaya sun zama na mai saye, abin da ya same su nasa ne, ko sun shiga hannunsa ko ba su shiga ba, sai fa idan an yi wata yarjejeniya daban. Ta kuma ce idan an amince mai sayarwa ya aika kaya, to miƙa su ga mai sufuri a zahiri daidai yake da miƙa su ga mai saye. Wannan ne 'yan kasuwa da yawa suke jin ƙamshinsa suna cewa "da na ba direba na fita". Ba su karanta ragowar ba. Dokar ta ɗora wa mai sayarwa nauyin ya yi yarjejeniyar da ta dace da mai sufuri, gwargwadon irin kayan da yanayin tafiyar. Wanda ya sa tangaran a kwali ba ko tsumma a tsakani, bai gaya wa kowa abin fashewa ne ba, ya bar shi aka ɗora masa buhun masara a kai, bai cika wannan sharaɗi ba. Mai saye na da damar ya ƙi ɗaukar wannan a matsayin an kawo masa kaya, ko ya nemi a biya shi asararsa.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne ake karantarwa a zaurukanmu kuma kotunan shari'ar Musulunci ke hukunci da shi, zancen ya ɗan juya. Asali idan ciniki ya inganta a kan abu ayyananne da ke gaban masu ciniki, lamuninsa ya koma kan mai saye. Amma malamai sun ware wasu nau'o'i. Abin da ake aunawa ko ƙirgawa yana wuyan mai sayarwa har sai an auna an miƙa. Haka kuma abin da ba ya nan, aka sayar da shi ta hanyar siffantawa: in ba gida ko fili ba ne, yana cikin lamunin mai sayarwa har mai saye ya karɓa, sai idan an shardanta akasin haka. Wannan magana tana cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Masar na ƙarni na 14, da sharhohinsa. A ganina cinikin hoto a waya ɗan'uwan wannan ne na jini, domin mai saye bai ga komai ba sai siffa.

Game da direba kuma, sai shari'o'in biyu suka yi musayar matsayi. Malikiyya na kallon ɗan dako da mai abin hawa a matsayin amintacce, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi da shi. An togace mai ɗaukar kayan abinci, saboda hannu na saurin kaiwa gare shi. Risala ta Ibn Abi Zaid ma ta bayyana cewa mai jirgin ruwa ba ya lamuni, amma kuma ba shi da lada sai ya isar da kaya. Dokar da muka gada daga Ingila kuwa ta tsananta wa wanda ya mai da ɗaukar kayan jama'a sana'a. Shi ke da alhakin abin da ya lalace a hannunsa, sai dai in ya nuna annoba ce daga sama, ko aibi ne da ke jikin kayan tun asali, ko laifin wanda ya ɗaure su ne. Ko da ba a ɗauke shi a wannan matsayi ba, wanda aka ba ajiyar kaya lafiya ya dawo da su a lalace, shi zai kawo hujjar cewa ba sakacinsa ba ne. Shi ya sa kamfanonin sufuri ke rubuta a rasit cewa kaya na tafiya ne a kan lamunin mai su. Rubutun na da tasiri, amma kotuna ba sa faɗaɗa ma'anarsa, kuma sukan tambaya ko an nuna wa mai kaya shi kafin ya biya.

Abin lura shi ne Birtaniya da kanta ta bar tsohuwar ƙa'idarta a cinikin da ke tsakanin ɗan kasuwa da mai saye don amfanin kansa. Dokarta ta 2015 ta ce kaya suna wuyan ɗan kasuwa har su shiga hannun mai saye, sai idan mai sayen ne ya nemo mai sufurin da kansa. Wato sun zagayo sun iso kusa da inda malaman Malikiyya suka tsaya tuntuni. A Najeriya ma dokar kare haƙƙin masu saye da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai samu dubawa kafin a kawo ba idan sun saɓa wa yadda aka siffanta su, kuma ta ba shi wata uku ya mayar da kaya masu aibi. Rubuta "ba a mayar da kaya bayan an biya" a ƙarƙashin hoton talla ba ya soke wannan haƙƙi.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Idan mai sayarwa ce ta ɗaure kaya, ita ta zaɓi tasha, ita ta zaɓi direba, ita ta karɓi kuɗin aikawa, to ita ya kamata ta ɗauki asara a gaban mai saye, daga baya ta je ta nemi haƙƙinta wajen direba. Ita ce take da ikon hana ɓarnar, ita ce kuma ta san mutanen tashar. Uwar amarya da ke Kafanchan ba ta da yadda za ta yi ta bi direban da ba ta taɓa gani ba. Amma idan mai saye ne ya ce "ba wa direbana wane", ko aka gaya masa kuɗin mota mai kyau ya ce a nemi mai araha, to ya ɗauki rabonsa na kasadar, bai kamata ya dawo yana ɓata sunan mutane a WhatsApp ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake saurin jawo kalmar ƙaddara a rufe bakin wanda ya fi rauni. Mota ta faɗi, ko ruwa ya ci gada, ko 'yan fashi sun tare hanya, wannan kowa ya yarda ba yin mutum ba ne. Amma kwalin da aka jefo daga saman mota, ko talabijin da aka kwantar yaron mota ya zauna a kai, sakaci ne, kuma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya wajabta wa mai sakaci ya biya. Sau da yawa dattawa kan ce a raba asara biyu don a zauna lafiya. Sulhu alheri ne, kuma inda aka rasa gane mai laifi rabawar ita ce adalci. Sai dai a fara tantance mai haƙƙi tukuna, in ya so ya yafe da ransa, kada a yafe a madadinsa.

Tantancewar kuwa hujja take bukata, kuma hujjar tana da sauƙin samu fiye da da. Mai sayarwa ta ɗauki bidiyon kaya suna lafiya, da yadda aka jera su, aka sa kwali ko soso a tsakani, aka rufe. A tasha ta gaya wa direba abin da ke ciki da ƙimarsa a gaban ɗan kamasho. Mutane kan ɓoye wannan don kada a tsawwala musu kuɗin saƙo ko don tsoron sata, sai su ce "kayan sawa ne" alhali waya ce ta dubban ɗaruruwa. Wanda ya yi haka ya karya hujjarsa da hannunsa, don babu mai tilasta wa direba biyan abin da aka ɓoye masa. Mai karɓa kuma ya duba kwalin tun a tasha. Idan ya ga ya lotsa, ko ya jiƙe, ko ya girgiza ya ji ƙara, ya buɗe a gaban direba ya ɗauki hoto, ya sanar da mai sayarwa nan take. Duka shari'o'in biyu suna ɗaukar dogon shiru ko amfani da kaya bayan ganin aibi a matsayin yarda. Kada kuma a zubar da kwalin, domin shi ke nuna ko dukan daga waje ya zo ko ɗaurin ne bai yi ba.

Idan magana ta ƙi ƙarewa tsakanin mutum biyu, ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke tashar shi ne matakin farko, saboda su ke da ikon hana direba lodi har sai ya zo ya yi bayani. Shugabannin kasuwa ma suna sasanta irin wannan. Bayan su sai kotu. Tun sauye-sauyen da gwamnatin Ahmed Makarfi ta yi a 2001, jihar Kaduna na da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada a gefen na majistare. A wannan ɓangare na gari, inda mai sayarwa kan kasance Bahaushiya, direba Bajju ko Bagwari, mai saye kuma Ibo, ba mamaki kowa ya zo da tasa fahimtar ta wanda ya kamata ya biya. Wannan kaɗai ya isa dalilin a faɗi sharaɗi tun farko, tunda duka dokokin sun yarda abin da masu ciniki suka shardanta shi ke gaba.

Manyan 'yan kasuwa sun daɗe da gane haka. A Kakuri ɗin nan akwai tashar tsandauri da aka ƙaddamar a watan Janairun 2018, inda kwantena ke sauka daga Legas. Masu irin wannan kaya suna aiki da ƙa'idojin Incoterms, waɗanda Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Paris ta fara fitarwa a 1936. Haruffa uku kawai, kamar FOB ko CIF, sun isa su nuna daidai wurin da lamuni ke tashi daga kan mai sayarwa ya koma kan mai saye, da wanda zai biya inshora. Mai sayar da atamfa a waya ba ta bukatar haruffan, layi ɗaya ya wadatar kafin a turo kuɗi: "Idan kaya suka lalace a hanya ni zan canza," ko "Da zarar na ba direba sun zama naki." Wadda ta rubuta na farko za ta ɗan ƙara farashi, kuma masu saye da yawa za su gwammace su biya.

Saura ƙungiyoyin tasha. Suna karɓar kamasho a kan lodi, don haka ba nauyi ba ne a nemi su buga ƙaramin littafin rasit na saƙo, mai kwafi biyu, a rubuta abin da ke cikin kwali, da ƙimar da mai shi ya faɗa, da ko abin fashewa ne, da lambar mota, direba ya sa hannu. Kaya masu tsada a ƙara musu ɗan kuɗi da za a tara a asusun biyan asara, ko a haɗa kai da kamfanin inshora, da na takaful ga masu son tsarin Musulunci. Direba ma zai amfana, domin a yanzu idan rigima ta tashi shi ake fara riƙe wa makullin mota, ko da kwalin da aka ba shi tun a gida aka ɗaure shi da fasasshen kaya a ciki.