Kafin a Saka Diga: Waya Ba Ta Ganin Ƙarƙashin Ƙasa

Mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba sa bukatar a yi musu bayanin rashin sabis. Sun ɗanɗana shi a watan Satumbar 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, masu POS suka nannaɗe tabarma. Wancan umarnin hukuma ne, amma diga guda ma tana iya jawo irinsa, domin wayoyin fayiba a binne suke a gefen manyan hanyoyi. A Fabrairun 2024 layin MTN ya ɗauke na sa'o'i a sassan Najeriya saboda an tsinka irin waɗannan wayoyi. A Ijegun ta Legas kuwa abin ya fi muni: a 2008 motar aikin hanya ta fasa bututun mai, wuta ta tashi, aka rasa rayuka da dama.

Yanzu akwai fasahar da ke taimakon injiniyoyi, irin SiteVision na kamfanin Trimble. Mutum zai ɗaga waya ya saita kyamara a titi, sai ya ga titin a allo, an zana masa abin da ke binne: a tsarin Amurka bututun ruwa shuɗi, wayar lantarki ja, ta sadarwa ruwan lemo, kowanne da zurfinsa.

Sai dai fa wayar ba ta leƙa cikin ƙasa. Taswirar da aka riga aka ajiye take ɗorawa a kan hoton. In ba a rubuta inda bututu ya bi ba tun ranar shimfiɗa shi, allon zai nuna fili fayau, alhali bututun na nan. GPS ɗin wayar hannu kuma kan kauce da mita da dama, shi ya sa injiniyoyi ke haɗa ta da eriya ta musamman. A garuruwanmu, yawancin wannan taswira tana cikin kan wani tsohon mai aikin famfo ne.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da manhajar da wai ke hango zinari ko ruwan rijiya, ku riƙe kuɗinku. Abin da waya ke iya ji shi ne ƙarfe mai jan maganaɗisu a dab da ita, zinari kuwa ba irinsa ba ne.

Mai shirin haƙa lambatu, shadda ko harsashin shago a bakin titi, ya fara tambayar mai unguwa da ma'aikatan ruwa na ƙaramar hukuma. A duba ko akwai 'yan sandunan siminti masu alamar kamfani. A fara da shebur a hankali kafin a kira katafila, in kuma leda mai launi ta bayyana a miƙe cikin ramin, lebura ya dakata, gargaɗi ne. Wanda ya ja sabon famfo zuwa gida kuma, ya ɗauki hoton ramin tare da bango ko turken lantarki mafi kusa kafin a mayar da ƙasa.