Bakan Gizo Ba Ya Shanye Ruwan Sama

Da wuya a sami Bahaushen da ya girma bai ji wannan magana ba: hadari ya haɗu, gari ya yi baƙi ƙirin, kowa ya sa rai, sai bakan gizo ya fito ya shanye ruwan. Har akwai masu kiransa masha-ruwa. Kuma masu faɗin haka sun haɗa da manoma da dattawa, mutanen da suka fi yawancinmu kallon sama, domin abincinsu a can yake. Abin da suka gani gaskiya ne: sau da yawa bakan yakan bayyana, hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka a unguwarsu ba. Wannan ban musa ba. Hukuncin da aka yanke daga abin da aka gani shi ne yake buƙatar gyara.

Sai mu fara da inda ruwan yake fitowa. Rana tana dukan teku da koguna da madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa, ruwa yana tashi a matsayin tururin da ido ba ya gani. Da damina, iskar kudu maso yamma ce ke kwaso mana mafi yawansa daga tekun Atlantika. Idan ƙasa ta ɗauki zafi, iskar nan mai laima takan yi sama, can kuwa sanyi ne: a matsakaici, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace kilomita. Da iskar ta yi sanyi sai tururin ya koma ruwa, ya taru a jikin ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da gishirin teku, kamar dai yadda gumi ke taruwa a cikin murfin tukunya. Taron waɗannan mitsi-mitsin ɗigo shi ne girgije. Ƙanƙantarsu ta kai sai an haɗa kimanin miliyan guda kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya mai nauyin da zai faɗo. Babban hadari kuwa kansa yakan haura kilomita 12, inda ruwa ke daskarewa; daga can ƙanƙara take zuwa.

To ina bakan gizo a cikin wannan tafiya? Ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Hasken rana ne ke shiga cikin ɗigon ruwan da ke faɗowa, ya karye, ya bugi bayan ɗigon ya dawo a rarrabe launi-launi. Ke nan sai ruwa yana zuba a wani wuri sannan za a gan shi. Abin da ake tuhuma da shanye ruwa, shi ne babbar shaidar cewa ruwan yana sauka.

Kowa zai iya gwada wannan. Ka tsaya a Ƙofar Kabuga, a yammacin ganuwar Kano, bayan la'asar a cikin damina. In bakan ya fito, ta cikin gari za ka gan shi, wajen Goron Dutse, rana tana bayanka. Ba za ka taɓa ganinsa ta hanyar Gwarzo a wannan lokaci ba. Sai da safe yake komawa can, domin kullum yana kishiyar rana. Da tsakar rana kuma ba ya fitowa, saboda sai rana ta yi ƙasa da digiri 42 daga sararin da ido ke hangowa sannan mai tsaye a ƙasa zai gan shi. Amma hadari yakan haɗu da azahar ya watse. Wa ya shanye wannan? In kuma ba ka da haƙurin jiran damina, je wajen masu wankin mota da yamma, ka juya wa rana baya lokacin da mesa ke feshi. Za ka ga ɗan bakan gizo a gabanka, kuma ruwan yana ci gaba da jiƙa motar, ba abin da ya ragu.

Wannan bayani bai kamata a ɗauke shi baƙon abu ba a garin malamai kamar Kano. Kamaluddin Alfarisi, malamin lissafi na ƙasar Farisa, a farkon ƙarni na 14 ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya sa shi a ɗaki mai duhu, ya bi hanyar da haske ke bi a cikinsa, ya nuna yadda bakan ke samuwa. Ya rubuta haka a sharhinsa kan littafin Ibnul Haisam na ilimin gani.

Saura tambayar da ta fi ƙarfi, kuma masu cewa bakan gizo yana shanye ruwa suna da haƙƙin yinta: me ya sa fitowarsa ke yawan dacewa da fasawar ruwa? Saboda bakan ba ya fitowa sai rana ta sami kafa. Hadarin da ya rufe sama gaba ɗaya, irin na Agusta, ba ya barin wannan kafa. Wanda ke barinta shi ne ɗan guntun hadari, ko wanda ya riga ya gaji, kuma irinsu ne daman suka fi yi wa mutane alkawari su saɓa. Guntun hadari yana iya juye ruwansa a Fagge, Kabuga ta tashi da ƙura kawai. Iskar nan mai sanyi da ke kaɗa ledoji ta rufe tagogi, daga cikin hadarin take saukowa, kuma tana kai wa inda ruwan bai kai ba. Sau da yawa ma ita ce ke kashe shi, don takan tare iska mai ɗumi da ke ciyar da shi daga ƙasa. Ƙaramin hadari bai cika wuce awa guda ba. A farkon damina da ƙarshenta kuma akwai wani abu: iskar da ke ƙarƙashin girgijen a bushe take, sai ɗigon ya sake komawa tururi tun bai taɓa ƙasa ba. Kana iya hango zaren ruwa yana reto daga gindin girgije ya ƙare a sarari. In dole sai an ce wani ya sha, to busasshiyar iska ce.

Wani zai ce, ai ruwa na Allah ne. Babu ja a nan, kuma shi ya sa muke fita roƙonsa idan ya yi jinkiri. Sanin sababin da Ya sanya bai rage komai daga wannan imani ba. A ganina jingina wa baka ikon hana ruwa shi ne ya fi buƙatar a yi hattara da shi.

Akwai kuma amfani na zahiri. Yawancin hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Don haka bakan da ka gani a gabas da yamma yana nuna maka ruwa ne a ɓangaren da hadari ya saba biyowa. Wataƙila ya mutu a hanya, wataƙila ya iso. Mai shanyar hatsi ko wanki, kada ganin bakan ya sa ka saki jiki. Kwashe kayanka tukuna.