Tazara, Matakala da Jituwa: Yadda Sauti Ke Zama Kiɗa

Tsirkiya ɗaya mai goge yake da ita, amma da ita yake fitar da waƙa sukutum. Dabarar tana yatsunsa: da ya taɓa tsirkiyar, ɓangaren da ke karkarwa ya gajarta, sai sautin ya ƙara siranta. Ilimin kiɗa kuwa daga nan ya faro, daga tazarar da ke tsakanin wannan sauti da wancan.

Idan aka danne tsirkiya a daidai tsakiyarta, saurin karkarwarta yakan ninka. Wadda ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya sai ta koma 880. Kunne yana jin su kamar abu guda, ɗaya da kauri ɗaya siriri, kamar uba da ƙaramar 'yarsa suna rera waƙa ɗaya. Wannan tazara ita ake kira oktif. In kuma kashi biyu cikin uku na tsirkiyar aka bari, sai a sami 660, wadda ke bi wa oktif a wajen daɗin ji. Ana danganta gano wannan lissafi ga Fitagoras, masanin Girka na kimanin shekara 2,500 da suka wuce.

To, tsakanin gindin oktif da samansa akwai fili, kuma kowace al'umma da irin matakalar da take kafawa a ciki. Turawa sun raba filin gida 12. Duba fiyano ka gani: farare 7, baƙaƙe 5, sai a sake daga farko. Cikin 12 ɗin sukan zaɓi 7, wato do, re, mi, fa, so, la, ti, sunayen da tushensu ke wurin Gido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11. Matakan ba daidai suke ba. Ga yadda ake hawa: taki 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Ko daga ina ka fara, muddin ka kiyaye wannan tsari, waƙar ba za ta canza kama ba. Shi ya sa mawaƙi a situdiyo zai ce wa mai fiyano ya sauko masa ƙasa don muryarsa ta kai, kuma mai saurare ya gane waƙar. Waƙoƙin gargajiyarmu da yawa matakai 5 suka ishe su, yayin da maƙaman Larabawa, wato tsarin matakalar kiɗansu, ke da sautukan da ke faɗawa tsakanin madannai biyu na fiyano.

Duk wannan bi-da-bi ne. Idan aka danna do, mi da so a lokaci guda, an yi abin da makaɗa ke kira kod. Suna jituwa ne saboda saurin karkarwarsu yana kusa da lissafi mai sauƙi, 4 da 5 da 6. Sauke mi ɗin da taki ɗaya kacal, sai fara'ar ta koma jimami.

Jera kod bayan kod shi ke sa kiɗa ya yi tafiya. So, ti, re tare sukan bar kunne a rataye, kamar wanda aka yi wa tambaya. Sai an dawo do, mi, so hankali ke kwanciya. Gwanin makaɗi yakan ja wannan jira da gangan, don ya san wanda ya daɗe a hanya shi ya fi jin daɗin isowa gida.