Ƙananan Turakun Intanet: Takardar Izini Ta Zama Ƙarfen Ƙafa Ga Masu Zuba Jari

ABUJA: Ran 13 ga watan Disamba na ‌2021 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon sadarwa na 5G, inda kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. To, amma lasisin Gwamnatin Tarayya bai bai wa kamfani ikon kafa ko da turke guda a bakin titi ba. Wannan iko yana hannun jihohi da hukumomin tsara birane, kuma a nan ne jari yakan kwana.

Zangon da aka sayar yana ɗaukar bayanai masu yawa cikin sauri, sai dai bai kai zangon tsofaffin layukan waya nisa ba, kuma bango da dogayen gine-gine suna rage masa ƙarfi. Saboda haka, a wurare masu cunkoso irin su kasuwar Alaba a Legas ko Kantin Kwari a Kano, babbar hasumiya guda ba ta wadatarwa. Dole a haɗa da ƙananan eriya da ake maƙalawa a jikin falwayar lantarki, ko fitilar titi, ko saman bene, a kuma ja wa kowacce wuta da wayar gilashi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ita ma Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa mai lasisi nauyin neman amincewar jiha da ƙaramar hukuma kafin ya kafa kayan aikinsa. Da haka ne mai son kafa turke zai bi ta LASIMRA a Legas, ko KNUPDA a Kano, ko KASUPDA a Kaduna, kowace da nata kuɗi da nata sharuɗɗa.

Hukumomin tarayya ma ba su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba. Ƙa'idojin NCC na 2009 sun nemi a bar tazarar mita 5 tsakanin hasumiya da gidan jama'a, yayin da na hukumar kare muhalli, NESREA, na 2011 suka ce mita 10. Saɓanin ya jawo rufe wasu hasumiyoyi a wancan lokaci. Waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne da dogayen hasumiyoyin ƙarfe masu janareta a zuci, tun kafin zuwan akwatin da bai wuce a rataya a falwaya ba.

A nan ne lissafin ɗan kasuwa yake rikicewa. Babbar hasumiya tana ɗaukar dubban masu waya, don haka kuɗin izininta kan narke cikin ciniki. Ƙaramin turke kuwa 'yan layuka kaɗan na unguwa yake ɗauka. In aka caje shi kuɗin babba, aka kuma bukaci fayil dabam ga kowane guda, to aikin da ke bukatar turaku 50 ya biya kuɗin izini sau 50. Bugu da ƙari, duk watan da fayil ya yi a ofis, kayan da aka sayo da dala suna ajiye, ruwan bashin banki kuma yana hauhawa. Manyan kamfanoni za su iya jurewa. Ƙananan masu sayar da intanet ga shaguna da makarantu su ne kan fara durƙushewa.

Kuɗin haƙa hanyar waya shi ma yana cikin lissafin. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Jihar Ekiti ta sauko daga Naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin baki ɗaya.

Amurka ta fuskanci irin wannan takaddama. A watan Satumba na 2018, hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta fayyace abin da ake kira ƙaramin turke, ciki har da wanda tsayinsa bai wuce ƙafa 50 ba. Ta bai wa birane kwana 60 su yanke shawara in a jikin falwayar da ke nan za a maƙala eriya, kwana 90 in sabon turke ne. Ta kuma ɗauki dala 500 a kan takardar neman turaku har biyar, da dala 270 a shekara ga kowane guda, a matsayin kuɗin da ya dace, sai in birni ya nuna cewa ɗawainiyarsa ta fi haka. Birane da dama, ciki har da Portland, suka garzaya kotu. A watan Agusta na 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da wa'adin da kuɗin, amma ta soke wani ɓangare na takunkumin da aka sa wa birane game da kyan gani.

Jihohi ma suna da hujjarsu. Turken da aka kafa ba bisa ƙa'ida ba yana iya faɗowa lokacin iskar damina, ko ya tare hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma hukumar gari jama'a za su tuhuma. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2024 ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa, amma bai karɓe ikon tsara gari daga jihohi ba.

Don haka mai benen da aka nemi hayar samansa ya kamata ya ga takardar izini kafin ya sa hannu, a kuma rubuta wanda zai biya haraji da wanda zai ɗauki asara in hukuma ta rufe wurin. Jihar da ta ware wa ƙananan turaku kuɗi mai sauƙi da wa'adi sananne, ita ce za ta fara ganin masu jari a ƙofarta.